Ranar da Na Jingine Taɓarya

Abin nan ya faru ne a kakar da ta zo kafin shekarar da rana ta dushe da tsakar rana har kaji suka nufi akurki. Babbar yunwa ba ta kankama ba tukuna, ko da yake makiyayan da ke saukowa daga arewa sun fara cewa ciyawa ta yi ƙaranci. Soja ba su karɓi mulki ba, kwalta ba ta iso Gure ba, kamiyo ɗaya, babbar motar kaya, kan kwana biyu yana fama da rairayi kafin ya kawo mutane daga Damagaram. Mijinki yana goye a bayana da haƙora biyu, to ki yi lissafi da kanki, uwar Rahila, tunda ke ce madam ta lakwal, mai koya wa yara boko. Ni dai ban san lamba ba. Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana.

Abin da ya tayar mini da zancen, samarin gidan rediyon nan ne da suka zo makon jiya suna neman waƙoƙin daka. Sun ce an gaya musu ni kaɗai na rage da na san su da yawa. Na yi musu shida ko bakwai a zaune, ba turmi ba taɓarya, ina buga tafin hannu a gwiwa kamar mai lallashin jinjiri, su kuma sun miƙo mini salula har bakin leɓe. Waƙar daka ba ta zaman tabarma ba ce. Tana so ne numfashi ya fita tare da faɗuwar taɓarya, gumi na zuba, dusa na tashi. A da, in gari ya waye, ba zakara ke tada mutane ba, turame ne. Kana kwance za ka gane na gidan wane, don kowane turmi da muryarsa: na kirya yana da kauri, wanda ya tsage yana kuka kamar tsohuwa mai tari. Daga nan har kwarin da ake noman dabino ana jin su, suna amsa wa juna. Yanzu fa? Injin niƙa ya fara ruri tun safe, ya yi ta yi har kan mutum ya yi ciwo, yarinya ta ajiye roba a layi ta koma danna salula. Ba na zargin kowa. Kafaɗuna biyun nan daka ce ta cinye su, ba zan so wa Rahila irinsu ba. Amma da za su tafi, ɗaya daga cikin samarin ya juyo ya ce wai ya ji an taɓa ka da ni sau ɗaya a fagen daka, ko gaskiya ne, kuma me ya hana ni ramawa. Na ce masa tsufa ya sa na manta. Ƙarya na yi, Allah Ya gafarta mini. Tun ranar ban ji daɗin jikina ba.

Waƙa gadonta na yi. Innata a ƙauyenmu, can wajen Kelle, in ta kama taɓarya mata har barin nasu aikin suke su zo su ji wa za ta yanka yau. Da Hausa take yi, in abin ya yi zafi ta juya Barbarci don ya fi shiga. Ita ta koya mini cewa habaici ba zagi ba ne, ba a kiran suna, ba a nuna yatsa, sai dai a ɗinka wa mace riga daidai jikinta har kowa ya gane tata ce. Takan ce mini: in za ki sa baiti, ki jira taɓaryar abokiyar dakanki ta tashi sama, ki saka shi a ramin shirun nan, a nan yake zama. Na iya, ba yabon kai ba. Kafin a yi mini aure na ka da matan da suka haife ni. A gidan biki kuwa, ranar da mata ke taruwa su daka garin tuwon baƙi, al'ada ce dangin ango da na amarya da maƙwabta su yi ta jifan juna da waƙa. Wadda aka jefa dole ta rama kafin a juye turmi. In ta rasa ta cewa, sai ta jingine taɓarya ta koma wajen tankaɗe, a rangaɗa mata guɗar kunya. Ni ba a taɓa yi mini ita ba.

Surukinki, baban yara, daga yamma aka turo shi, anfirme ne, mai jinya a gidan likita. Kirista ne tun daga gidansu. Ba shi ya ja ni ba, wannan ki rubuta shi da kyau. Shekara biyu muna tare ina sallata yana addu'arsa, bai taɓa ce mini komai ba sai in na tambaya. Ni da kaina na ce ina so in bi Yesu, aka yi mini baftisma a wani tafki bayan damina, mu bakwai ne duka a majami'ar da ba ta wuce ɗaki ɗaya na jinka ba. Dangina sun ji zafi, wasu suka ɗauke ƙafa, amma mutanen gari ba su kore ni ba. Ana gaisawa, ana aiko mana naman layya, mu ma muna aika musu da tuwon Kirsimeti. Kuma ba a yin biki ba a kira ni ba, don biki ba ni kamar miya ba kanwa ne. Sai dai baban yara yana da wani aiki da mutane ke ƙyama. Ya koyi duba masu babbar cuta, kuturta nake nufi, shi ke ba su ƙwaya, shi ke wanke musu gyambo. Ni ke wanke rigunansa na aiki a bayan ɗaki.

Wata rana da azahar, lokacin da zafi ke kora kowa inuwa, wata maƙwabciyarmu ta shigo da 'yarta. Ba zan faɗi sunansu ba, ke kuma baƙuwa ce a garin nan, ba za ki gane gidan ba. Uwar ta janye wa yarinyar mayafi, sai ga wani tabo a bayan kafaɗarta, fari-fari, bai wuce bakin ludayi ba. Baban yara ya sa ta rufe ido, ya ɗauki ɗan audugar likita yana taɓa ta nan da can, ya ce duk inda ta ji ta nuna. Ko'ina ta nuna, ban da kan tabon. Uwar ta zauna daɓas a ƙasa. Ya ce mata an kama abin da wuri, in yarinya ta sha magani ba fashi ba yatsan da zai taɓu, kuma ba za ta sa wa kowa ba. Uwar ta roƙe mu da girman Allah kada ko uban yarinyar ya ji. Ni aka ɗora wa kai ƙwayar. Duk wata nakan ƙulle ta cikin tsumma tare da kanwa, in shiga gidansu kamar mai kai saƙon miya. Shekara biyu da wani abu ina wannan jigila, tabo ya dushe har sai wanda ya san wurin. Yarinya ta zama mace, wani ɗan gidan masu raƙuma ya gani yana so, ita ma tana so, aka sa rana.

Ranar daka muka taru da hantsi, turame biyar a jere a gindin wata bishiyar bedi, hatsi tsibi guda a kan tabarma. Dangin ango mata sun zo da yawa, irin mutanen da kafin su nemi aure sai sun tona asali har kaka ta bakwai, kuma abin da suka fi tambaya shi ne ko akwai babbar cuta a gidan. Amarya tana ɗaki cikin lalle. Uwarta tana gefe tana bakace. Ni da wata muna lugude a turmin tsakiya, ina jefa taɓarya sama in tafa sau biyu in cafe, mijinki na rawa a bayana yana dariya. Sai gwaggon amarya, yayar ubanta, ta ɗauki murya daga turmin ƙarshe. Tsohuwa ce mai baki, ta daɗe tana jin haushin yadda ake yabona, ba ta kuma san komai game da tabon ba. Ta ce:

"Ku ɗaga faifai, ku kare hatsi,
matar mai wankin gyambo ta iso.
Hannun da ya cuɗa rigar mai kutare,
ina shi ina garin amarya?"

Mata suka ɗauki amshi, ina shi ina garin amarya, suna dariya, don a wajensu wasa ne, jira suke su ji yadda zan yanka ta. Abokiyar lugudena ta ɗan ja da baya, ko wasa take ko da gaske, ban sani ba. Na dubi uwar amarya. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da bakacenta kamar ba ta ji ba. Wannan ya fi waƙar yi mini ciwo.

Baitin ya zo mini gaba ɗaya, ban neme shi ba. Layi huɗu, da amshinsa, daidai da faɗuwar taɓarya. A duk rayuwata ban taɓa ɗinka rigar da ta kai shi kyau ba. Ba suna a ciki, amma da na sake shi, kafin a juye turmi dangin ango sun ɗauki mayafansu, auren ya mutu, yarinyar nan ba mai sake taka ƙofar gidansu, har ƙannenta. Na san haka sarai, ba wai zafin rai ya rufe mini ido ba. Kuma wata murya a cikina tana ta gyara mini hanya: ai ba ƙarya za ki yi ba, ai su suka fara, ai mijinki aka zaga da aikin jinƙan da yake yi, ai sunan masu bi kike karewa. Shaiɗan bai zo mini da ƙaho ba, da muryar innata ya zo, yana ce mini ga ramin shirun nan, saka shi. Na yi addu'a a zuci, taɓarya na sama. Na ce ya Ubangiji Ka shaƙe mini murya, Ka sa tari ya kama ni, Ka sa yaron nan ya tsala kuka in sami dalilin fita. Ba abin da ya faru. Maƙogwarona bai taɓa washewa kamar ranar ba, yaro kuma sai dariyarsa yake. Turame huɗu suka tsaya suna jirana. A nan na gane ba mai zuwa ya yi mini wannan aikin, an bar ni da bakina.

Na cafe taɓarya, na daka sau ɗaya, sau biyu. Sannan na ɗauke ta na jingine a jikin bedi.

Da farko ba wanda ya yarda da abin da ya gani. Sai gwaggo ta ce, "Yau kuma? 'Yar Kelle, harshen ne aka bar miki a tafki?" Guɗa ta tashi. Ban koma wajen tankaɗe ba kamar yadda ake yi, na gyara goyo na fita, guɗar na bina har bakin hanya. Rairayi ya yi zafi, na manta takalmana a can, ban kuma koma ɗauka ba.

Baban yara ya dawo cin abincin rana ya tarar ban ɗora tukunya ba. Na zazzage masa duka, ina jira ya ce na yi abin kirki. Mutumin nan sai ya tambaye ni ko akwai sauran fura. Na ce masa fura ce ta dame ka, ni na roƙi Allahnka Ya kama mini harshe Ya ƙi, Ya bar ni tsirara a gaban mata. Ya sha furarsa, ya goge baki, ya ce, "Kin ga raƙuman da ke ratsa gonaki da takunkumi a baki? Ba sa taɓa hatsin kowa. Kin taɓa jin mai gona ya gode musu?" Na ce ni da an sa mini takunkumin da ya fi mini sauƙi. Ya ce ya sani, amma Allah ba raƙumi Yake nema ba, 'ya Yake nema, wadda za ta iya yi ta ƙi yi don tana ƙaunarsa. Ya ce tun mutanen farko a gonar da Allah Ya ajiye su ba a kewaye itacen da ƙaya ba, an faɗa musu ne kawai aka bar su. Na ce to ni ban ji wata ƙauna ba a gindin bedin nan, haushi na ji, har yanzu shi nake ji. Ya ce ba laifi, in dafa tuwo da haushin.

Na so in ce miki daga ranar na sami salama, irin yadda ake faɗa in an tashi ba da shaida a majami'a. Ba haka aka yi ba. An ɗaura aure, an kai amarya da raƙuma. Waƙar gwaggo kuwa ta shiga gari, shekaru ana yin ta a bakin rijiya, in na iso da tulu a yi shiru ana ƙunshe dariya. Aka daina kirana turmin tsakiya. Matan da ban ɗauka bakin komai ba suka fara gwada baitinsu a kaina, don sun ji an ce ana ka da ni. Nakan rama, in ka da su, amma ba a sake jin tsorona kamar da ba. Uwar amarya ba ta taɓa buɗe baki ta yi mini maganar ba. Bayan biki da kwana uku na tarar da takalmana a ƙofar ɗaki, da ƙwarya cike da dabino, ba sallama ba saƙo. Shi ke nan godiyar da na samu, kuma na daɗe ina ganin ta yi kaɗan.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne zaɓin ba sau ɗaya ake yin sa ba. Na ɗauka na jingine taɓarya an gama. Ashe baitin ya zauna. Lokacin yunwa, da gwaggon nan ta ture ni a layin rabon hatsi, ya taso har bakin haƙorana. Ranar da wata jikar gidan su amaryar ta hana 'yata shan ruwa a moɗarsu, ya taso. Ranar da muka binne baban yara, na ga mutanen da ya wanke wa ciwo sun tsaya nesa kamar ba su san shi ba, na koma ɗaki na cusa bakin zane a baki. Kowane karo sai in sake cewa a'a, kuma ba ya yin sauƙi don an saba. Wani lokaci don Yesu nake yin shiru, na san Shi ma an yi masa ba'a bai rama ba. Wani lokaci don girman kai ne kawai, kada a ce matar anfirme ta tona asirin likita. Na gaya wa fasto haka, ban faɗa masa ko mene ne ba, na ce ina da wani abu da nake riƙewa amma zuciyar da nake riƙe shi da ita ba kullum take da tsabta ba. Ya ce in ci gaba da riƙewa, in bar wa Allah wankin zuciyar. Yaro ne, sa'an mijinki bai kai ba, amma maganar ta zauna.

Yanzu na gaji. Yaran zamani suna cewa ai cutar nan ta zama ba komai, magani na nan kyauta, wata shida ko shekara an warke. Gaskiya ne. Amma ki bari a zo neman aure ki ji abin da tsofaffi ke tambaya a bayan ɗaki. Amaryar nan tana da jikoki mata da suka isa aure, baitin nan zai iya yi musu yau abin da zai yi mata a wancan lokaci. Kuma ga tsoron da ke hana ni sakewa: innata da ta tsufa hankalinta ya gushe, ta zauna a tsakar gida tana rera duk abin da ta taɓa sani, har da waɗanda ta rantse ba za ta faɗa ba. Mu muna rufe mata baki, maƙwabta na kasa kunne ta danga. In nawa ya zo haka fa? Shekara hamsin ina cewa a'a, rana ɗaya harshe ya kuɓuce ba ni a wurin? Shi ya sa addu'ata ta sauya. A da ina roƙo Ya ɗauke mini zaɓin, yanzu roƙo nake Ya bar mini shi har ranar da za a rufe ni. In kuwa kin ga na fara waƙa ba kan gado, ki shigar da ni ɗaki ki kunna rediyo da ƙarfi. Wannan ba na rubutawa ba ne, naki ne.

Bari in ƙirga waɗanda suka tsaya a gindin bedin nan. Gwaggo ta rasu shekarar fara, na je gaisuwa. Uwar amarya ta bi ta ba da daɗewa ba. Abokiyar lugudena ta mutu wajen haihuwa. Matan gidan ango duk sun tafi, sai Fanna da ke Gamu, ita kuwa ba ta ji ba ta gani, ko 'ya'yanta ba ta ganewa. Amarya na nan, ta je Makka ta zama Hajiya, yatsunta goma cif, in mun haɗu a gidan suna takan riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Sai ni. Sai kuma Kaltuma mai kanwa.

Tsaya. Kaltuma na nan da ranta a bayan kasuwa, kunnenta ras, ba abin da ta manta, ita ce ma ta fara rangaɗa mini guɗar. Ta san bikin wa aka yi ranar da na jingine taɓarya. Jikokinta duk 'yan lakwal ne, ɗaya ya karanta mata takardar nan ya isa. Kin gani ko? Na zauna tun hantsi ina ce miki ban faɗi baitin ba, ashe ta wata ƙofa ya biyo, ni kuma ina ta jin daɗin a san ba ka da ni aka yi ba.

Naɗe takardar, uwar Rahila. Ki sa ta a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwa, kada ko mijinki ya gani. In Kaltuma ta tafi, Hajiya ta tafi, jikokinta sun shiga ɗakunansu, ki yi yadda kika ga dama da ita. In samarin rediyo sun dawo, ki ce musu gaskiya ne, an ka da tsohuwa sau ɗaya, ba ta da ta cewa.